Littafi Mai Shuɗin Bango

Ran Asabar, bayan la'asar,
muna mu goma sha bakwai a ɗakin ɗinki na Tudun Jukun,
sai ga Ɗan'azumi, direban motar albasa,
ya tsaya bakin ƙofa, ya ce, "Ga saƙonku.
Ya fi ni ganin duniya."

Littafi ne mai shuɗin bango.
Wata bakwai rabonmu da shi.
Ya je Maraɗi, ya yi azumi a Tamale,
ya biyo motar goro, ya leƙa Garwa,
ya dawo yana warin gas da daddawa,
gefe guda ɓera ya ɗanɗana.

Ni ce magatakarda, ni ke karantawa.
'Yan Maraɗi sun sa wa Hausa rigar Faransanci,
ina tuntuɓe, Hansatu na ƙyaƙyatawa.
'Yan Tamale kuwa, mace ma "ya zo" suke ce mata,
Lantana ta ce, "Shi ke nan, mun zama maza."
Amma da na kai shafin Adiza,
inda ta zana yadda suke ɗinka ƙunzugu mai wankuwa
don kada yarinya ta rasa aji kwana huɗu duk wata,
dariya ta ɗauke.
Kowa ta laluba almakashinta.

Damina ta zo da nata.
Kubanni ya cika, ya shigo ba sallama,
ya kwana biyu a ɗakinmu.
Keken ɗinkinmu guda ɗaya tal
ya sha laka har wuya, ya yi tsatsa, ya ƙi motsi.
Na rubuta a littafin, layi uku,
ban roƙa ba, wallahi, labari na ba da,
kamar yadda ake gaya wa 'yar'uwa an yi zazzaɓi.

Muka yi ta ɗinki da hannu.
Yatsun Balaraba duk suka huhhuje.

Da littafin ya sake zagayowa
sai na ji bangonsa ya yi kauri.
An farke, an cusa, an mayar da zare ja.
Muka warware a kan tabarma:
sefa a nannaɗe kamar taba,
sidi uku-uku masu ƙanshin ƙuli-ƙuli,
da wata takarda daga Jenabu ta Garwa:
"Ƙosai muka soya sati shida. Ba yawa."

Ba yawa ɗin ne.
Mai canji a Sabon Gari ya ƙirga sau biyu,
ya dube mu, ya ce, "Wannan kuka hau keke-napep a kansa?"
Bel ya saya mana, da allura kwali ɗaya,
da mai ɗan kwalba, da ladan Malam Tanimu mai gyara,
har da bashin naira ɗari biyu.
Amma da Hansatu ta ɗora ƙafa,
keken ya yi tari, ya yi tari, sannan ya kama magana,
sai Balaraba ta fita waje,
wai wani abu ya faɗa mata a ido.

Ban taɓa ganin Adiza ba.
Ban san ko doguwa ce ba, ko tana da wushirya.
Na dai san tana danna biro har ya huda takarda,
na san wane shafi Jenabu ta taɓa da hannun mai.

Jiya labari ya zo, iska ta yaye rufin 'yan Tamale.
Yau da asuba Lantana ta jiƙa waken suya,
ni na dafa zoɓo, na sa citta da yawa,
za mu zauna bakin ƙofar jami'a a Samaru
har sai robar ta ƙare.
Ɗan'azumi zai yi lodi ran Laraba.
Zaren da ya rage mana kore ne,
da shi za mu mayar da bangon.